Albam nawa Utada Hikaru ta fitar, kuma ta ina mai saurare zai fara?

"Malam, barka da aiki. Ƙanina yana buga wani wasan bidiyo mai suna Kingdom Hearts, kuma waƙar da ke cikin wasan ta shiga raina har na nemi mai ita. Da na duba a waya sai na rikice, domin wani wuri an rubuta Utada kawai, wani wuri Hikaru Utada, har na ci karo da wani suna wai Cubic U. Wasu sun ce albam ɗinta 8 ne, wasu sun ce 11. Na kuma karanta cewa na farkon ya sayar da kwafi sama da miliyan 7, amma na baya-bayan nan ba su kama ƙafarsa ba. Shin waƙar tata ce ta lalace? Kuma da wanne zan fara, tunda ba na jin Japananci?"

Malama, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ki daidai, abu uku kike son a warware miki: dalilin saɓanin sunaye da lissafi, dalilin faɗuwar ciniki bayan albam na farko, da kuma ƙofar da ta fi sauƙin shiga ga wanda bai iya harshen ba. Na daɗe ina tara faya-fayan mawaƙan Japan, kuma wannan mawaƙiya tana cikin waɗanda na fi maimaita saurare, saboda haka zan ba ki amsa daga abin da ke rubuce a tarihin faya-fayan da kuma abin da kunnena ya ji. Tun daga farko zan gaya miki matsayata: waƙar ba ta lalace ba, kasuwar ce ta sauya a ƙarƙashin ƙafafunta, kuma a ganina mafi nagartar aikinta ya zo ne a lokacin da cinikin ya riga ya ja baya.

Sunaye uku, mutum ɗaya

An haifi Utada Hikaru a birnin New York ranar 19 ga Janairun 1983. Utada shi ne sunan gidansu, kuma Japanawa suna fara ambaton sunan gida kafin na yanka, shi ya sa za ki ga Utada Hikaru a Japan, Hikaru Utada kuma a shafukan Turai da Amurka. Mahaifinta, Utada Teruzane, furodusa ne, mahaifiyarta kuwa ita ce Fuji Keiko, wadda ta yi tashe sosai wajen 1970 a salon waƙar enka, wato waƙoƙin bege da ƙunci da manyan Japanawa suke so. Ta tashi tsakanin New York da Tokyo, tana jin Turanci da Japananci kamar yadda ɗan Sabon Gari yake tashi da harshe biyu a bakinsa, kuma tun tana ƙarama sitidiyo ya zame mata wajen zama.

Cubic U shi ne sunan da ta yi amfani da shi a albam ɗinta na Turanci mai suna Precious, wanda ta naɗa tana 'yar shekara goma sha kaɗan. An shirya shi ne domin kasuwar Amurka, amma sauye-sauyen da kamfanin EMI ya shiga a can suka sa aka ajiye shi, sai ya fito a Japan a farkon 1998 ba tare da ya ja hankalin kowa ba. Sai bayan ta shahara a 1999 aka sake fitar da shi, mutane suka saye shi saboda sunanta. Shi kuwa sunan Utada shi kaɗai, na kwantiragin da ta ƙulla ne da kamfanin Island Def Jam na Amurka, wanda a ƙarƙashinsa ta fitar da Exodus a 2004 da This Is the One a 2009, dukansu da Turanci. A daidai wannan lokaci tana da wata yarjejeniyar daban da Toshiba EMI a Japan domin waƙoƙin Japananci, kuma tunda kamfanonin biyu ba gida ɗaya ba ne a lokacin, kowanne ya riƙe sunan da yake tallata ta da shi.

Daga nan lissafin ya fito fili. Masu cewa 8 suna ƙirga na Japananci ne kawai: First Love na 1999, Distance na 2001, Deep River na 2002, Ultra Blue na 2006, Heart Station na 2008, Fantôme na 2016, Hatsukoi na 2018, sai Bad Mode na 2022. Masu cewa 11 sun haɗa da na Turancin nan guda 3. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ke ƙara rikita mai bincike a waya shi ne tarin tsofaffin waƙoƙi da ake haɗawa a faifai guda, domin manhajojin saurare suna jera su tare da sababbin albam kamar duk abu ɗaya ne. Akwai Single Collection na farko a 2004, na biyu a 2010, da Science Fiction na 2024 wanda ta fitar domin cika shekara 25 da fara waƙa. Akwai kuma wani mai suna Utada the Best, wanda kamfanin da ke riƙe da waƙoƙinta na Turanci ya fitar a Nuwamban 2010, rana ɗaya da Single Collection na biyu, kuma ita da kanta ta fito ta shaida wa masoyanta cewa ba da son ranta aka yi shi ba. Wannan ban taɓa ba kowa shawarar nemansa ba, domin babu sabon abu a ciki.

Yadda kasuwar Japan take a lokacin da ta fito

Ba za a gane miliyan 7 ɗin nan ba sai an san irin kasuwar da ta tarar. Shekarar 1998 ita ce ƙololuwar cinikin faifai a tarihin Japan, inda darajar abin da kamfanoni suka buga ta haura yen (kuɗin Japan) biliyan 600. Doka ta ba kamfanonin faifai damar ƙayyade farashin da kowane kanti zai sayar, na wani lokaci bayan fitowa, saboda haka sabon albam yana kaiwa wajen yen 3,000 ko'ina, babu ragi. Idan kika riƙe faifan Japan na wancan zamani za ki ga wata siririyar takarda da ta naɗe gefen kwalin, wadda suke kira obi, a jikinta an buga farashin da ranar fitowa da sunayen wasannin talabijin ko tallace-tallacen da aka sa waƙoƙin a ciki. Kwafina na Deep River na hannu ne na saya, kuma mai shi na farko ya ninke obi ɗin ya adana a cikin ɗan littafin baitocin, abin da masu tara faifai suke yi ke nan domin faifan da ya rasa takardarsa farashinsa yana faɗuwa.

Wannan jerin sunayen wasanni da ke kan obi shi ne sirrin kasuwar. A Japan waƙa ba kasafai take fitowa ita kaɗai ba, sai an ɗaura ta a kan wasan kwaikwayo na talabijin, ko talla, ko fim ɗin zane, ko wasan bidiyo, ta yadda miliyoyin mutane za su ji ta kowane mako kafin ta isa kanti. Wanda ya san yadda waƙar fim ɗin Hausa take yaɗuwa ta dalilin fim ɗin ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. Bayan haka ana fitar da waƙoƙin ɗai-ɗai a ƙananan faya-fayai cikin shekara ɗaya ko biyu, sannan a tattara su a ƙara sababbi a kira shi albam. Shi ya sa idan kika saurari albam ɗinta za ki tarar kusan rabinsa jama'a sun riga sun haddace kafin ya fito. Ke ma ta wannan ƙofa kika shigo, domin kamfanin da ya yi Kingdom Hearts, wasan da ya fito a 2002, ya nemi ta rubuta masa waƙa.

Waƙarta ta farko da Japananci, Automatic, ta fito ranar 9 ga Disamban 1998, tana da shekara 15. Ta sayar da sama da kwafi miliyan 2 idan aka haɗa nau'i biyu da aka buga, ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8 da babba mai 12, waɗanda kamfanin Oricon mai ƙididdigar ciniki ya lissafa daban-daban. Wata uku bayan haka, ranar 10 ga Maris 1999, First Love ya fito, ya sayar da sama da miliyan 2 a makon farko, ya ƙare a kan miliyan 7.65 a lissafin Oricon. Ƙasar tana da mutane kimanin miliyan 126 a lokacin, wato kusan kwafi ɗaya ga kowane mutum 16 ko 17, har da jarirai da tsofaffi. Har yau babu albam ɗin da ya kamo shi a Japan, kuma da wuya a samu, tunda kasuwar da ta ba da wannan dama ta shuɗe. Idan kika ga wani shafi ya rubuta adadin da ya fi wannan, yawanci yana ƙirga kwafin da kamfani ya tura kantuna ne, ko ya haɗa da cinikin sauran ƙasashen Asiya, Oricon kuwa abin da aka saya a kanti yake ƙiyastawa.

Me mutane suka ji a muryar yarinya 'yar shekara 15 har suka yi wannan rububi? Abu na farko shi ne ita ta rubuta baitocin da karin waƙar, a lokacin da yawancin 'yan mata masu tashe wani babban furodusa ne yake rubuta musu. Na biyu kuwa yana cikin yadda take ɗora harshen a kan kiɗa. Japananci harshe ne mai gaɓoɓi masu tsawo kusan ɗaya, kuma al'adar mawaƙansu ita ce a ba kowace gaɓa sautinta, a yi numfashi inda jimla ta tsaya. Ita kuwa ta taso da waƙoƙin baƙaƙen Amurka na salon R&B, sai ta riƙa yanka kalma a tsakiya, ta rera gaɓar farko ta ɗan dakata sannan ta ƙarasa, domin kalmar ta bi bugun ganga maimakon ganga ta bi kalmar. Layin farko na Automatic haka yake, kuma ko ba kya jin harshen za ki ji wannan ɗan tsaikon. Na taɓa kunna wa wani abokina makaɗi wannan wuri sau uku a jere, a karo na uku ya ɗaga hannu ya ce yarinyar nan da ganga take magana.

Shekarun miliyoyi

Distance ya fito ranar 28 ga Maris 2001, kuma labarin fitowarsa ya fi waƙoƙinsa shahara. A rana ɗaya kamfanin Avex ya fitar da A Best na Hamasaki Ayumi, wadda ita ce babbar abokiyar takararta a idon jaridu. A mako guda Distance ya sayar da kwafi 3,002,720, A Best kuma kimanin miliyan 2.87. Wannan adadi na mako ɗaya a ƙasa ɗaya ya tsaya a matsayin mafi yawa a duniya har 2015, lokacin da albam ɗin Adele mai suna 25 ya wuce shi a Amurka. A cikin Distance akwai hannun manyan furodusoshin Amurka, Jimmy Jam da Terry Lewis waɗanda suka yi aiki da Janet Jackson, da kuma Rodney Jerkins. Albam ne mai daɗi, amma a kunnena ya fi kama da tarin waƙoƙi masu kyau da aka zuba a kwano ɗaya, kowace tana jan nata ɓangaren.

Deep River na Yunin 2002 shi ne inda nake jin ta fara zama ita kanta. Ya sayar da kimanin miliyan 3.6, kuma a cikinsa ne Hikari take, wato waƙar Kingdom Hearts a kwafin Japan. Akwai gwaji ɗaya da nake so ki yi, domin zai nuna miki irin mawaƙiyar da kike saurare fiye da duk abin da zan rubuta. Ki kunna waƙar Distance da ke cikin albam na 2001, mai sauri da walwala, sannan ki kunna Final Distance da ke cikin Deep River. Baitocin kusan ɗaya ne, karin ma ɗaya ne, amma ta rage gudun, ta cire gangar rawa, ta bar fiyano da kayan tsirkiya, sai waƙar soyayya mai fara'a ta koma kamar ta makoki. Ta sadaukar da wannan sabon naɗi ga wata ƙaramar ɗaliba mai son waƙoƙinta da aka kashe a harin da aka kai wata makarantar firamare a Ikeda, jihar Osaka, a Yunin 2001. Daga wannan waƙa ake gane cewa a wurinta tsara kiɗa wani ɓangare ne na rubuta waƙar, kuma ba da daɗewa ba ta karɓe wannan aiki daga hannun wasu.

Game da waƙar da ƙaninki yake ji, idan kwafin Turanci yake bugawa, Simple and Clean ce. Mutane da yawa suna ɗauka fassarar Hikari ce, alhali ba haka ba ne, domin ta sake rubuta baitocin daga tushe, har karin amshin ma ya bambanta. Haka ta yi a wasa na biyu, inda Passion ta Japananci ta zama Sanctuary, da kuma na uku, inda Chikai ta zama Don't Think Twice. Duk lokacin da kika ga waƙarta a harshe biyu, ki ɗauke su a matsayin tagwaye masu hali daban.

Na Turancin nan biyu da ta fitar da sunan Utada ba zan daɗe a kansu ba. Exodus ya sayar da sama da miliyan 1 a Japan, amma a Amurka bai wuce na 160 a jadawalin ciniki na mujallar Billboard ba, duk da cewa shahararren furodusa Timbaland ya sa hannu a wasu waƙoƙin. Albam ne mai taurin kai, cike da sautukan kwamfuta da baitoci masu ban mamaki, kuma gidajen rediyon Amurka ba su san inda za su ajiye shi ba. This Is the One ya bi hanyar da kasuwa take so, da furodusoshi irin su Stargate da Tricky Stewart, ya kai na 69, amma a cikin duk aikinta shi ne na fi saurin mantawa. Muhimmancin Exodus a wurina shi ne a nan ta zauna gaban kwamfuta ta gina yawancin kiɗan da hannunta, kuma da wannan gwaninta ta koma gida ta yi Ultra Blue da Heart Station.

Inda cinikin ya tafi

Yanzu ga amsar tambayarki ta biyu. Ultra Blue na 2006 bai kai miliyan 1 ba, Heart Station na 2008 ya ɗan haura miliyan 1. Wanda ya kalli waɗannan lambobi kawai zai ce tauraruwa ta dusashe. Amma a tsakanin waɗannan shekaru cinikin faifai na ƙasar baki ɗaya yana raguwa shekara bayan shekara, kuma matasan Japan sun koma sayen waƙa ta wayar hannu. Tun ƙarshen 2002 kamfanonin waya suka fara sayar da guntun waƙa a matsayin kiɗan kira, abin da suke kira chaku-uta, daga baya kuma cikakkiyar waƙa. Waƙarta Flavor of Life, wadda aka ɗaura a kan wasan talabijin na Hana Yori Dango a 2007, an sauke ta sama da sau miliyan 7 idan aka haɗa da kiɗan kira, kuma babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya shiga lissafin faifai. Masu sauraron suna nan, ma'aunin ne ya daina ganinsu. Akwai kuma dalili na biyu wanda gaskiya ta sa in ambata: babu mawaƙin da yake riƙe dukan mutanen da suka saye shi a shekarar da ya zama abin yayi. Da yawa daga cikin masu First Love sun saya ne domin kowa yana saye, kuma waɗannan ba sa dawowa karo na uku ko na huɗu, musamman idan mawaƙin ya fara yin abin da ransa yake so.

Heart Station shi ne albam ɗin da nake miƙa wa wanda ya ce yana son jin yadda take tsara kiɗa ita kaɗai. Kayan kiɗan ba su da yawa, sautukan kwamfuta ne masu laushi, sai ta jera muryarta bisa muryarta har sau da yawa, ta yadda amshin yake zama kamar ƙungiya alhali mutum ɗaya ce. A cikinsa akwai Beautiful World, wadda ta yi wa fim ɗin zane na Evangelion, dangantakar da ta ci gaba har zuwa One Last Kiss a 2021. Akwai ma wata 'yar waƙar yara a kan beyar, wadda idan ta zo bayan waƙoƙin baƙin ciki takan sa ni murmushi duk da na san tana tafe.

A Agustan 2010 ta sanar cewa za ta dakatar da harkar waƙa domin ta yi abin da ta kira "ayyukan ɗan Adam", wato rayuwar yau da kullum da ba ta samu ba tun tana shekara 15. Da hutun ya fara a 2011, banda waƙa ɗaya, Sakura Nagashi, da ta yi wa Evangelion a 2012, ba ta fitar da sabon abu ba har 2016. A cikin wannan tsakani mahaifiyarta ta rasu a Agustan 2013, ita kuma ta haifi ɗa a 2015, ta zauna a Landan. Kamfanin ma ya sauya, domin Universal ya saye EMI, shi ya sa Fantôme ya fito a ƙarƙashin Universal, sannan a 2017 ta koma Epic Records na rukunin Sony.

Fantôme, wanda ya fito ranar 28 ga Satumban 2016, shi ne a ganina ƙololuwar aikinta, kuma kwafi kimanin dubu 250 ya sayar a makon farko, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da Distance ya yi. Ta sadaukar da shi ga mahaifiyarta. Mawaƙiyar da ta saba raɗa wa waƙoƙinta sunayen Turanci ta koma sa musu na Japananci, ta rage cusa Turanci a cikin baitoci, ta matso da muryar gaba ta yadda ake jin numfashinta da ƙarshen kowace gaɓa. Hanataba wo Kimi ni, wadda ma'anarta ita ce miƙa wa wani damin furanni, gidan talabijin na NHK ya sa ta a wasansa na safe, mutane suna karin kumallo suna jin ta kamar waƙar fara'a, alhali bankwana ce da mamaci. Manatsu no Tōriame kuwa tana farawa da fiyano da murya kaɗai, a hankali kayan tsirkiya suke shigowa, sai ta ƙare da layi ɗaya da ake ta maimaitawa har sautin ya ɓace. A daren da na fara jin ta ban kai ga duba ma'anar baitocin ba, amma na san waƙar rashi ce, kuma da na duba washegari ban tarar da wani abu daban ba.

Hatsukoi na 2018 ma'anar sunansa ɗaya da First Love, wato soyayyar farko, sai dai wannan karon da Japananci kuma daga bakin mace mai shekara 35. An naɗe shi da makaɗa na zahiri, har da mai ganga Chris Dave na Amurka, wanda bugunsa yake ɗan jinkirta da gangan, kuma za ki ji haka sosai a Chikai. Waƙoƙi biyu masu ɗauke da sunayen albam ɗin, First Love da Hatsukoi, su ne aka gina wasan Netflix mai suna First Love a kansu a 2022, abin da ya dawo da tsohuwar waƙar cikin kunnen matasan Asiya. Bad Mode kuma ya fito a intanet ranar 19 ga Janairun 2022, ranar da ta cika shekara 39, faifan ya biyo baya a Fabrairu, kuma wannan jeri kaɗai ya isa ya nuna miki inda kasuwa ta koma. A nan ta daina raba harsunanta gida biyu, Turanci da Japananci suna zaune a albam ɗaya, ta kuma yi aiki da A. G. Cook da Floating Points na Ingila da Skrillex na Amurka. Akwai waƙa a ciki, Somewhere Near Marseilles, mai tsawon kusan minti 12, kiɗan rawa ne mai tafiya sannu a hankali, irin abin da babu kamfanin da zai yarda wa sabuwar mawaƙiya ta yi.

Ta ina za ki fara

Hanyoyi uku nake gani. Ta farko ita ce bin shekaru daga 1999 zuwa yau, wadda take da amfanin nuna yadda murya da tunani suka girma, amma tana da haɗarin cewa First Love, da sautinsa na ƙarshen shekarun 1990, zai iya sa ki ɗauka kin riga kin san irin wannan waƙa daga Amurka, ki tsaya a nan. Ta biyu ita ce ɗaukar tarin waƙoƙi, kuma a nan Science Fiction ya fi dacewa tunda ya ratsa dukan shekarun, sai dai ki sani ta sake rera wasu tsofaffin waƙoƙi a cikinsa, har da Hikari da Traveling da Addicted to You, wasu kuma an sake haɗa sautinsu, saboda haka ba ainihin abin da mutane suka ji a 2002 za ki ji ba. Ta uku, wadda ita nake ba ki shawara, ita ce ki fara daga inda ƙafarki take. Tunda waƙar Kingdom Hearts ce ta kawo ki, ki saurari Deep River gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake ba, ki bi shi da Heart Station, sannan Fantôme. Idan waɗannan uku sun zauna miki, ki koma First Love, a lokacin za ki ji abin da ya ɓoye a cikinsa. Duk suna kan manhajojin saurare tun wajen ƙarshen 2017, ba sai kin nemi faifai ba. Ki kuma lura da wani mai suna Utada Hikaru no Uta na 2014, domin wasu mawaƙa ne suke rera waƙoƙinta a ciki, ba muryarta ba ce.

Batun harshe kuwa, ba zan ɓoye miki iyakata ba. Japanancina na wanda ya koya da girma ne, da ƙamus a gefe, saboda haka idan na yabi baitocinta ina yabo ne daga bakin ƙofa, kuma jerin da na ba ki zaɓin kunnena ne, akwai masoyanta da yawa da za su rantse da Ultra Blue ko Distance su ce na yi son kai. Abin da nake yi, kuma nake ba ki shawarar gwadawa, shi ne in saurari waƙa sau biyu ko uku ban duba komai ba, sannan in nemi baitocin da aka rubuta da haruffan boko in bi su da ido tana rerawa, sai a ƙarshe in karanta fassara. Mai jin Hausa yana da ɗan sauƙi a mataki na biyu, domin wasulan Japananci biyar ne kamar namu, a, i, u, e, o, suna kuma bambanta dogon wasali da gajere, suna ninka baƙi kamar yadda muke yi, don haka abin da kika gani a rubuce kusan shi za ki ji. Fassarorin da ke yawo a intanet yawanci na masoya ne, kuma tunda Japananci yakan bar jimla ba tare da faɗin wanda ya yi aikin ba, mai fassara shi yake zaɓar ko "ni" ne ko "kai" ko "ita". A waƙoƙin Fantôme wannan zaɓi yana iya mayar da waƙar uwa ta koma ta saurayi, saboda haka idan kin kai nan ki karanta fassara biyu ki gwama su.